Shafin da Na Je Nuna wa Inna

A ƙasan jakar kayan wankinta na same shi. 'Yata ta fari, tana shekara goma sha ɗaya a lokacin, ta dawo mana Bodinga daga Shagari don in gwada mata sabon kayan makaranta, da niyyar ta koma wurin kakarta ta ƙarasa dogon hutu. Na zazzage jakar a bakin rijiya, sai ga littafi ya faɗo tsakanin zannuwa. An yi masa riga da takardar buhun siminti, an ninke gefe tsaf kamar littafin lissafi. Wannan rigar ce ta fara ba ni haushi, domin na san yaro ba ya wahalar lulluɓe abin da bai san a ɓoye yake ba.

Na buɗe tsakiya a tsaye, hannuna ɗaya da sabulu. Littafin soyayya ne irin na da, takardarsa ta yi ja, mutanen ciki suna ta Kananci. Shafin da ya buɗe mini kuwa, saurayi ne da budurwa a cikin mota an rufe gilashi, ya kama hannunta, yana gaya mata maganganun da ni da nake da 'ya'ya huɗu ban taɓa jin an gaya mini ba. Ban kai ƙarshen shafin ba na rufe. Kunnuwana har zafi suke yi.

Ni ba maƙiyiyar karatu ba ce, kada a yi mini wannan shaidar. Ɗinki nake yi a gida, kuma rabin abin da keken nan ya samo a kan boko da Islamiyyar yara ya ƙare. Amma gidana da doka. Waya ba ta shiga hannun yaro, littafin labari kuma sai na duba shi tukuna. Maƙwabta suna ce mini 'yar sanda, ni kuwa ban taɓa jin sunan ya ɓata mini rai ba. Ga shi duk tsarona an bi ta bayan gida, an shigo mini da abu ta hannun uwar da ta haife ni.

Na kira yarinyar. Ba na kiran sunanta, don 'yar fari ce, kuma haka muka tashi: ba a faɗin sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. “Ke” nake ce mata, kamar yadda Inna, mahaifiyata, take ce mini har yau. Ta zo ta tsaya, ta ga abin da ke hannuna, ta sunkuyar da kai.

“Wa yab ba ki wanga?”

Ta ce a akwatin matar ƙanena aka samo shi, wadda ke zaune da Inna. Wai tun da ta samu waya ta daina taɓa littattafanta.

“Kin karanta?”

“Inna nika karanta ma.”

Abin da nake son tambaya shi ne ko ta kai shafin motar, ko ta gane abin da ake nufi, ko akwai wanda ya taɓa yi mata irin wannan magana. Bakina ya ƙi. Da ƙanwarta ce, da na jawo ta jikina mun yi ta. Ita kuwa tsakanina da ita sai umarni, don haka umarnin na bayar. Na ce daga yau babu ita babu littafin labari, nan ko Shagari, kuma idan ba za a kiyaye mini ba, hutun nata ya ƙare a Bodinga. Na zaci za ta yi kuka. Ba ta yi ba. Cewa ta yi, murya ƙasa-ƙasa, Inna tana jira, a tsakiya suka tsaya.

Maigidana, da ya dawo daga wajen albasarsa, bai tsaya dogon tunani ba. Ya ce in sa shi a murhu a huta. Na ce ƙona wannan ba ya ƙona akwatin da ke Shagari, dole in je da kaina. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce yana son ya ga ranar da zan kafa wa Inna doka a ɗakinta. Dariyar ta ƙara tunzura ni, saboda na san gaskiya ya faɗa.

Idon Inna ya tafi a hankali, shekaru kaɗan da suka wuce. Mace ce da ba ta iya zama, ita ce surfe, ita ce kiwon tumaki, ita ce sulhun unguwa. Da duhu ya rufe ta sai ta koma zaman tabarma, rediyo a gefe, tana faɗa da shi in ya faɗi abin da bai yi mata ba. Ƙanena ya sha gaya mini ba ta walwala sai jikarta ta zo hutu. Na san da haka lokacin da na sa littafin a jakata. Na san abin da zan je karɓewa, kuma na shiga mota a hakan.

Damina ce, gero ya rufe gonaki hagu da dama. Yarinyar tana zaune kusa da ni a kujerar baya, an matse mu da wata mata mai ƙwaryar nono da za ta Horo Birni. Ni ina ta shirya maganata a zuci, ina gyara ta, ina rage mata kaifi, sai in tuna gilashin motar nan a rufe in mayar da kaifin.

Mun iske Inna a rumfar ƙofar ɗakinta da hantsi. Tun daga zaure ta gane takun jikarta.

“Ƙawata ta dawo! Zo nan, maƙaryaciya, kin ce kwana guda.”

Sai ta karkata kai, ta saurara.

“Wa ab bayanki? Wagga tahiya mai nauyi ta 'yar sanda ta.”

Har Shagari sunan ya kai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa mini a taƙaice kamar kullum, fuskarta a wani gefen. Ta tambayi maigida, ta tambayi ƙananan da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na lura ta rame, kuma tana tsayawa tsakiyar magana ta yi wani busasshen tari, ta dafe ƙirji, ta ci gaba. Na tambaya, ta ce sanyin damina ne, in bar ta. Matar ƙanena ta kawo ruwa, ta ga bakin littafin a jakata, ta ajiye kofi ta shige madafa ba ta sake fitowa ba.

Na ce, “Inna, magana ta kawo ni. Littahin ga da aka karanta miki, ban yarda da shi ba. Bai dace da yarinya ba. Na hana ta, kuma ina son a hana ta nan.”

“Mi ac ciki?”

“Abin da bai dace ba.”

“Na ji. Mi na abin?”

Ta yaya zan dubi uwata, ni 'yar farinta, in ce namiji ya kama hannun mace a mota ya ce mata kaza? Ko da ba ta ganina, harshena ba zai ɗauka ba. Inna ta san haka sarai, shi ya sa ta tambaya.

“Kin taso tun daga Bodinga ki hana abin da ba ki iya hwaɗi,” in ji ta. “To ni ban hana abin da ban ji ba. Ba ta littahin. Ta ɗauka inda munka tsaya, ke ki zauna kusa ki sa ido, tunda ke adda su. In mun kai wurin, ni da kunnena ni yanke.”

Wani ɓangare na zuciyata ya ce hakan ma ya yi. Na miƙa littafin. Yarinyar ta buɗe inda ta sa tsinken tsintsiya, na leƙa, na ga shafin motar yana nan gaba kaɗan. Na zauna a gefenta a kan tabarma, kafaɗata kusa da tata. Rabon da in zauna kusa da ita haka har na manta.

Ta fara. Labarin wani saurayi ne da kakarsa ta rena a ƙauye, ya shiga birni neman aiki, ya haɗu da 'yar masu kuɗi. Ban san ta iya karatu haka ba. Tana ba kowa muryarsa, tana tsayawa inda ya kamata, Kanancin yana fita a bakinta kamar a can aka yanke mata cibi. Inna ta jingina da bango, ta lumshe idanun da ba sa gani, tana gyaɗa kai. Ni kuwa idona yana bin layi, ina ƙirga abin da ya rage kafin a kai inda nake jira.

A nan ne na ga bakinta ya rabu da takarda. A rubuce an ce saurayin ya zauna shi kaɗai yana tuna marigayiya kakarsa, yana cewa da tana raye da ta ba shi shawara. Yarinyar kuwa cewa ta yi, saurayin ya je ya iske kakarsa tana tsinke zogale, ya zauna ya nemi shawararta. Na buɗe baki zan gyara mata, don mu a Islamiyya aka horar da mu, in mai karatu ya kauce a take ake dawo da shi. Kafin in yi magana ta danna babban yatsanta a kan kalmar “marigayiya”, ta rufe ta, har farcen ya yi fari. Ba ta dube ni ba. Ta ci gaba da zuba maganar tsohuwa, magana mai tsawo, wadda babu ko harafinta ɗaya a shafin.

Na rasa abin da ke faruwa. Na sa hannu a hankali na ɗaga shafukan baya ta gefe, ita tana karatu ni ina leƙe. Can baya sosai na same shi. Tsohuwar ta yi ciwon tari, ta kwanta, jikan yana birni bai sani ba, kafin ya iso an kai ta. Shafi ne mai kyau, har da addu'a da tunatarwa a kan mutuwa. Da ni aka ba littafin in tace, wannan ne wurin da zan ce yara su karanta su ƙara. A gefen shafin takardar ta yi kumburi ta bushe, irin yadda take yi in ruwa ya ɗiga mata.

Tun daga wannan shafin har inda muke, yarinyar nan ita kaɗai take ɗauke da tsohuwar. Duk inda littafi ya ce marigayiya, ita sai ta tashe ta, ta ba ta abin yi, ta sa mata magana a baki, kuma ta tuna abin da ta ƙirƙira jiya don kada na yau ya saɓa. Inna ta yi tari a daidai lokacin. Na ji kafaɗar yarinyar ta ƙame a jikin tawa, karatun ya tsaya, bai ci gaba ba sai da tarin ya lafa.

Ta juya shafi, sai ga motar. Ta karanta sun shiga, ta karanta an rufe gilashi, ni kuwa na riƙe numfashi ina addu'ar ƙasa ta tsage. Sai na ji ta ce, kafin saurayin ya buɗe baki, an ƙwanƙwasa gilashi da sanda. Wai kakar ce ta biyo shi birni. Ta sa tsohuwar ta ce, “Kai, mi kaka yi nan da ɗiyar mutane? Hito! In son ta kaka yi, gidan ubanta na da ƙohwa.” Ta sa ta kora budurwar gida, ta ja kunnen saurayin har bakin titi, sannan ta tsallake shafin gaba ɗaya ta sauka a sabon babi kamar ba a yi komai ba.

Inna ta yi dariya har da hawaye, tana buga cinya, tana cewa tsohuwar nan 'yar gari ce. Dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Da ta samu kanta sai ta juyo da fuskarta wajena, abin da ba ta cika yi ba.

“To, mai idanu. Nan na wurin?”

“Nan na.”

“Haka anka rubuta?”

Yarinyar ta daina numfashi, ina ji. Yatsanta yana nan a kan takarda. Ban taɓa yi wa Inna ƙarya tana tambayata kai tsaye ba, kuma idan na ce a'a, na samu abin da na zo nema: za a karɓe littafin, a rufe akwatin, dokata ta tsaya. Amma ba zan iya faɗin rabi ba. In na ce babu sanda babu ƙwanƙwasa gilashi, tambaya ta gaba ita ce ina tsohuwar take, kuma a gaban yarinyar za a yi ta. Na dubi bayan wuyanta, siriri, gumi ya jiƙa bakin hijabinta.

Na ce, “Ta iya karatu, Inna.”

Inna ta yi wani guntun murmushi. Ta ce wa jikarta maƙogwaronta ya bushe, ta je gidan maƙwabta ta karɓo mata fura, kuma ta tsaya a dama a gabanta don ba ta yarda da hannunsu ba. Yarinyar ta ajiye littafin a kife, ta fita ba ta kalle ni ba. Muka saurari takunta har ya ɓace a zaure.

“Tsohuwar ga ta mutu, ko?” in ji Inna.

Na ce ta mutu, tun can baya.

“Na sani. Da munka hwara, tsohuwa Bakanuwa ta, ‘yaya’ da ‘mene ne’ taka yi. Ran da tay yi tari ta kwanta, ƙawata ta yi shiru, ta ce wai shahi ya manne. Da ta ci gaba, sai ga tsohuwa ta warke, ta tashi tana ‘ƙaƙa’ da ‘mi na’. Kowa cikin littahin Kano shike, ita ɗai ta koma Basakkwata. Har ‘maƙaryaciya’ tana ce ma mutane. Wa kika jin tana kwaikwayo?”

Hawaye suka zubo mini, na bar su, tunda ba ganina take ba. Ashe ta ji a numfashina.

“Bar wannan,” ta ce. “Shahin da kika zo da shi, na san akwai abu ciki, ba yarinya ba ce ni. Kin gani da idonki ta san ba na kunnen manya ba na, kuma ba shi ad damuwarta ba. Wannan ni ina iya yi mata magana kansa, ke ba ki iyawa, kamar yadda ban iya da ke ba. Ki duba mata littattahai, hakkinki na, ban hana ki ba. Amma wanga ki bar mata shi.”

Na ce ai ta riga ta karanta shi, me ya rage.

“Ta karanta da ido. Ina son ta kai ranar da za ta iya hwaɗa min da bakinta tsohuwar ta mutu, ina zaune ina jin ta, in ce mata to, Allah shi jiƙanta, juya shahi. In kin ɗauke shi yau, ita ɗai za ta ji wannan labari, kuma ba cikin littahi ba.”

Har yau ina nan a kan bakana game da shafin motar. Bai dace da 'yar shekara goma sha ɗaya ba, kuma da za a sake kawo mini irinsa zan hana. Akwatin ma sai da na sa matar ƙanena ta fito da shi, na zauna na ware, na tafi da fiye da rabi a buhu, tana ta ba ni haƙuri ina ta yi mata faɗa. Abin da ya dame ni shi ne, ina warewa ina sane da cewa ido ɗaya kawai nake da shi na dubawa. Na san abin da nake tsoro ya shiga kanta. Abin da ita take tsoro, ko kusa ban taɓa neman sa a littafi ba. Wancan mai rigar siminti na bar shi a kife a kan tabarma.

Da la'asar na yi sallama. Yarinyar ta ɗauki buhun ta raka ni bakin hanya, tana gaba ina baya, muna kauce wa taɓo. Muka tsaya jiran mota a gindin wata bishiyar bedi. Ta yi magana, idonta a kan ƙafafunta.

“Mama, kin hwaɗa mata?”

“Ban hwaɗa ba.”

Ta gyaɗa kai. Mota ta taho daga nesa, yaron mota yana kiran Bodinga, Sakkwato. Sai ta ɗago ta dube ni cikin ido.

“Tarin Inna, irin na cikin littahin na?”

Duk maganar da na shirya tun safe babu wadda ta yi mini amfani. Na so in ce mata sanyin damina ne, amma yarinyar da ta yi makonni tana gyara wa wani labari za ta gane gyara in ta ji shi. Na kama hannunta a bakin titi, mutane suna wucewa suna gani.

Na ce, “Ban sani ba. Jibi ina dawowa mu kai ta asibiti Sakkwato. Ke za ki riƙa mata hannu, ni in yi magana da likita, kuma duk abin da yac ce, ina hwaɗa miki yadda yac ce shi.”